Ruwan da ya ci gidana ba a garinmu aka zuba shi ba

Ni kafinta ne, kuma tun tasowata a bakin kogi nake. Garinmu birni ne babba, kogin ya raba shi biyu, gada ce ta haɗa wannan tsallake da wancan. Abin da ya sa na zauna rubuta abin da ya same ni da iyalina a shekarar da kogin ya shigo mana, wata tambaya ce da har yau ban daina jin ta ba daga bakin dangi da abokan arziki: "To ku me ya hana ku tashi tun da wuri?" Masu tambayar ba da mugun nufi suke yi ba. Ba su taɓa zama inda muke zaune ba ne, kuma amsar ba ta faɗuwa a tsaitsaye.

A makon da ruwa ya shigo gidana, ko ɗigo ba a yi a garinmu ba. Rana ake ƙwallawa, kayan wanki na bushewa a igiya. Ruwan da ya ci mu can sama aka zuba shi, a ƙasashen tudu da duwatsu inda kogin da rassansa suke fitowa, wuraren da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba. An shafe makonni ana tafka shi a can kamar da bakin ƙwarya, har ƙasa ta ƙoshi ta daina sha. Daga nan duk abin da ya sauko sai ya gangara, ƙorama ta miƙa wa rafi, rafi ya miƙa wa kogi. Wani ma'aikacin ruwa da ya zo unguwarmu daga baya ya yi mana lissafin da ya zauna mini a ka. Ya ce ruwan sama milimita 1 a kan fili murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. In aka yi milimita 100 a dare guda, kowane murabba'in kilomita ya karɓi lita miliyan 100. Sai ka duba faɗin ƙasar da ke juye ruwanta cikin kogi ɗaya, ka tuna duk ta ƙarƙashin gadarmu zai bi.

Wanda ya fara ankarar da mu wani dattijo ne mai fito da kwale-kwale, Baba muke ce masa. Yana da sanda da yake kafawa a gaɓa da yamma, da asuba ya je ya duba. Wata safiya ya biyo ta shagona, ya tsaya bai ko zauna ba, ya ce, "Ɗana, ruwan nan ba na gida ba ne. Dubi launinsa, dubi itatuwan da yake ɗaukowa. Kuma tun shekaranjiya bai ja da baya ba ko da ɗan yatsa." Na ce, "Baba, kana ganin zai hau jinga?" Ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin ya kai gindin bishiyar da yake ɗaure jirginsa a irin wannan wata ba.

Hukuma ma ta yi magana, ba zan ɓoye ba. An sanar a rediyo cewa mazauna kwari da bakin kogi su koma tudu, kuma za a saki ruwa daga madatsar da ke sama. Sai dai wannan sanarwa kowace damina muna jin ta, da kalmomi iri ɗaya, a shekarar da ruwa ya zo da shekarar da bai zo ba. Ba a ambaci unguwa ba, ba a faɗi rana ba, ba a ce ruwan zai kai gwiwa ne ko rufin ɗaki ba. Mafi muhimmanci, ba a ce ga inda za mu je ba. Tudun da ake cewa mu koma, gidajen mutane ne a kai. Ni kuma ina da mahaifiya da ƙafa ta daina ɗaukarta, ga mata da yara, ga kuɗin haya da na riga na biya, ga injin yankan katako da sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi, ga aikin mutane da na karɓi kafin alƙalami a kai. A wata shekara da ta gabata wasu maƙwabta sun ji sanarwa sun kulle gida sun tafi, ruwa bai zo ba, ɓarayi suka zo. Duk wanda ya ce talaka taurin kai ne ke zaunar da shi a bakin kogi, ya fara ba shi ɗaki a tudu tukuna, sannan ya ga ko zai ƙi.

Ba mu zauna hannu rabbana ba. Mun cika buhuna da yashi mun jera a ƙofar gida da bakin layi. Na harhaɗa benci na ɗora katifu da hatsi a kai. Matata ta tattara takardun haihuwar yara da na makaranta da katin asibitin Inna ta ƙulle a leda, kuma wannan leda ita ce abu mafi daraja da muka fita da shi. Matasan unguwa suka riƙa kwana a kan jinga suna gadin kogi da fitila.

Kogin bai hau jingar ba a daren. Ta bayanmu ya ɓullo. Babbar kwatar da ke kwashe ruwan unguwa ta zuba a kogi, ita ce ta juyo. Da kogin ya fi bakin kwatar tsawo, sai ruwa ya daina fita, ya fara shigowa, ya bi ƙananan magudanai har cikin gidaje. Tsakar dare matata ta taɓa ni ta ce, "Baban yara, tashi, ruwa a tsakar gida." Na haska fitila na ga yana ɓulɓulowa daga ramin makwarara, baƙi ƙirin, da wari, ba ƙara ba hayaniya. Can kuma masai ya cika ya tumbatsa ya haɗu da shi. Buhunan da muka jera a ƙofa suna nan daram, ruwan yana taruwa a bayansu, ta cikin gida.

Abin da na fara yi shi ne kashe wuta daga mita. Kafin mu gama tashin yara ruwa ya rufe idon sawu, kafin in shiga ɗakin Inna ya kusa gwiwa. Na same ta zaune a bakin gado ta naɗe ƙafafu, tana salati. Ta ce, "Ku fitar da yaran, ni ku bar ni, ina zan iya?" Na ce, "Inna, yi haƙuri ki hau bayana." Na durƙusa cikin ruwan, matata ta taimaka ta ɗora mini ita, ta ɗaure mu da zani. Ban san ta rame haka ba sai ranar. Numfashinta na bugun wuyana, tana ta maimaita sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko an ɗauko wane.

A cikin layi ruwan a kwance yake, ana iya tafiya a hankali ana lalube da ƙafa. Mararrabar da ke gaban layin ce ta kusa halaka mu. A nan ruwan da ya fito daga kwata ya sami gangara, yana gudu. Tsawonsa bai wuce gwiwa ba, amma da na sa ƙafa sai na ji an fizge ta gefe. Daga baya aka gaya mana cewa ruwa mai gudu ko santimita 15 ne yana iya kayar da babban mutum, santimita 60 kuma ya tafi da mota, domin ruwan da zai cika akwati mai mita 1 ta kowane gefe nauyinsa tan guda ne. A daren ban san lissafi ba, ƙafata ce ta gaya mini. Wasu samari suka ɗaura igiya daga turken lantarki zuwa ƙarfen wata ƙofa, muka riƙa kamawa muna ƙetarewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tare ni ta ɓangaren da ruwan ke turowa yaro ne da na sha kora daga ƙofar shagona saboda surutu. Ya ce, "Kawu, kar ka ɗaga ƙafa, ja ta a ƙasa." Allah ya saka masa da alheri. Da gari ya waye jinga ta ɓalle a wani wuri can ƙasa, daga nan sai da kwale-kwale ake shiga unguwar. Baba da abokan sana'arsa sun wuni suna sauko da mutane daga kan rufi, ba su tambayi kowa ko sisi ba.

Wata makaranta a kan tudu aka buɗe mana. Iyalai da yawa a aji ɗaya, an raba da zannuwa. A nan na gane cewa wanda ambaliya ta kora, ƙishirwa ce babbar damuwarsa. Ko'ina ka duba ruwa ne, amma babu na sha. Rijiyoyi sun haɗe da masai. Injinan gidan ruwa na birni, da yake a bakin kogi aka gina su, sun nutse, famfo ya ɗauke har a unguwannin da ko laima ba su gani ba. Bandakin makarantar, da aka yi don ɗalibai masu zuwa su koma gida, ya cika cikin ɗan lokaci.

Amai da gudawa ya ɓulla. 'Yar autata na cikin waɗanda ya kama. Da yamma tana wasa, kafin asuba idanunta sun faɗa, in ka ja fatar cikinta sai ta tsaya ba ta koma ba. Wata ma'aikaciyar jinya da ke aikin sa kai ta dube ta, ta haɗa ruwan gishiri da sukari na sacet a lita 1 ta ruwan da aka sa wa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, ta ce wa matata, "Yaya, cokali-cokali, kar ki tsaya. Ko ta amayar, ki jira kaɗan ki ci gaba." Matata ta kwana zaune da cokali a hannu. Da abin ya ƙi, aka sa mata ƙarin ruwa, aka rataye ledar a jikin ƙusar allo. Ta tashi, alhamdu lillahi. Ɗan wata mata da ke kwana a ƙarshen ajin bai tashi ba. Ba za ka ga sunansa cikin waɗanda aka ce ambaliya ta kashe ba, domin ba nutsewa ya yi ba, amma ni na san abin da ya kashe shi. Bayan wannan kuma sauro ya ƙyanƙyashe a kududdufai, zazzaɓi ya bi ɗaki-ɗaki.

Birnin gaba ɗaya ya ji a jikinsa. Ruwa ya shafe titin da ke hawa gada, manyan motoci suka yi jerin gwano a tsallaken biyu, kayan gwari na ruɓewa a cikinsu, tankokin mai a tsaye. Aka kashe tiransifomomi. Asibiti ya kwashe marasa lafiya daga ƙasa zuwa bene. Mai albashi da ke zaune a tudu, wanda yake ganin abin a talabijin, sai ga shi yana neman ruwan sha da jarka kamar kowa. Birnin da ke bakin kogi, gadarsa da gidan ruwansa da kasuwarsa da tashar motarsa yawanci duk a kwari suke, domin kogin ne ya tara mutane a wurin tun farko. Mutanen Lokoja, inda Neja da Binuwai suka haɗu, sun ga haka a 2012 da kuma 2022, lokacin da ruwa ya datse hanyar Abuja, matafiya suka yi kwanaki a kan titi, wahalar ta kai ga garuruwan da ke nesa da kowane kogi.

Ruwan kogi ba ya saurin tafiya. Ya yi makonni kafin ya janye, kuma komawa gida ta fi fitowa ciwo. Laka ta kai ƙauri a cikin ɗaki, mai santsi, mai ɗoyi. A jikin bango akwai layi madaidaici da ruwan ya bari, daidai ƙirjina. Bencin da na ɗora kaya a kai ya yi iyo ya kife. A shago, injina ya cika da yashi, wayoyin cikinsa sun jiƙe, ƙarfensa ya yi ja da tsatsa. Katakon gaske ya kumbura ya karkace, amma in aka bar shi ya bushe a inuwa ana iya ceto wani abu. Shi kuwa allon nan na garin katako da ake matsewa da gam, wanda yawancin kabad da gadajen zamani da shi ake yi, ya narke. Na kama ƙofar wani kabad da na gama wa wani mutum, sai marikin ya zo a hannuna, sauran ya zube a ƙasa. Mai kayan ya zo ya tsaya ya duba, shi ma gidansa ya tafi. Ya ce, "Malam, Allah ya mayar mana da alheri." Bai nemi kuɗinsa ba, amma na biya shi a hankali, da shi da sauran.

Maƙwabcina na jikin katanga ya koma da wuri, saboda ya gaji da zaman sansani kuma yana tsoron a kwashe masa kwanon rufi. Ginin ƙasa ne da shafen siminti. Daga waje lafiya lau yake, amma gindin bangon ya sha ruwa ya yi laushi. Cikin dare, bayan ruwa ya riga ya bar unguwar, bangon ya zauna, rufin ya biyo shi. Da hannuna na ɗaga azarar da ta danne shi. Mun yi shekaru muna gaisawa kowace safiya ta kan katangar nan. Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar, duk wanda ya kira ni gyaran ƙofa a gidan da ruwa ya shiga, sai na fara zagaya gindin bango ina caka ƙusa, in ta shige ba gardama sai in ce kar kowa ya kwana a ciki.

Inna ba ta sake komawa ɗakinta ba. Maganin hawan jininta ya yanke a sansani, sanyi ya shige ta, kuma ina jin rabuwa da wurin da ta saba ya karya mata zuciya. A gidan ƙanwata ta rasu kafin wata daminar.

Na yarda da ƙaddara, kuma da ita na samu na tsaya da ƙafafuna. Amma ba na yarda a fake da ita a rufe bakin mai tambaya. Ruwan sama Allah ne ke saukar da shi, sai dai mutum ne ya yanka fadama ya sayar fuloti-fuloti, wurin da kakanninmu suka bar wa kogi ya miƙe ƙafa in ya cika. Mutum ne ya sare itatuwan tudu, ƙasa ta zaizaye ta cike cikin kogin da yashi har ya rage zurfi. Mutum ne ya shafe gari da siminti da kwalta, ya cushe magudanai da leda, ya gina kwata ba tare da murfin da zai hana ruwa juyowa ba. Madatsa kuma in ta cika dole a buɗe ta, domin in ta fashe abin ya fi muni, mutanen Maiduguri sun ga haka a watan Satumba na 2024 da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare. Na bakin Binuwai kuwa sun san sunan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, wadda aka kammala a 1982, sun kuma san labarin madatsar Dasin Hausa da aka tsara don ta tare ruwan a ɓangaren Najeriya amma ba a gina ta ba. A ambaliyar 2012 mutum 363 aka ƙidaya sun rasu a Najeriya, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 mamatan sun haura 600. A 2022 ɗin ce kuma ambaliya ta shafi mutum miliyan 33 a Pakistan. Kar kuma a ce abin na ƙasashen talakawa ne kawai. A Yulin 2021 sama da mutum 180 suka mutu a Jamus, akasarinsu a kwarin wani ƙaramin kogi mai suna Ahr, a ƙasar da ke da na'urorin hasashe na gani na faɗa. Masana sun hango ruwan, amma maganar ba ta isa ƙofar mutane da yawa a kan lokaci ba. Da na ji wannan a rediyo, sai na ji kamar labarin layinmu ake bayarwa. Masana yanayi kuma suna cewa duk ƙarin zafi na digiri 1, iska na iya ɗaukar ƙarin laima kusan kashi 7 cikin 100, don haka ruwan da ake cewa sai an daɗe ake ganin irinsa zai riƙa dawowa kusa-kusa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, babban kogi yana ba da lokaci. Ruwan da ya wuce wani gari da ke sama yau, sai ya yi kwanaki kafin ya iso namu. A Yamai ma kogin Neja sau biyu yake cika: na damina daga ruwan da aka yi kusa, sai kuma wanda ke isowa cikin sanyi, wajen Janairu, daga ruwan da aka zuba a tsaunukan Gini watanni kafin nan. Akwai masu karanta ma'auni, akwai waya a aljihun kowa. Kwanakin nan da kogin ya ba mu sun isa a kwashe tsofaffi da marasa lafiya a mota da rana tsaka, a tanadi ruwan sha da bandaki a inda za a sauke mutane, a kai 'yan sanda su tsare gidajen da aka bari. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu cikin duhu muka fita, da tsohuwa a baya.

Har yanzu a unguwar nake, domin a nan masu ba ni aiki suke, kuma hayar tudu ta fi ƙarfina. Mun kafa ɗan kwamiti. Mun shafa fenti kala uku a ginshiƙin gada, kowa ya san in ruwa ya taɓa na biyu tsofaffi da masu ciki da ƙananan yara za su fita, in ya taɓa na uku kowa zai fita. Muna da lambar wasu masunta a garuruwan sama, suna kiran Baba in sun ga canji. Mun rubuta gidajen da ke da wanda ba ya iya tafiya da kansa, da sunan saurayin da zai ɗauke shi. Mun yi magana da shugaban makarantar tudu tun kafin damina. Mun haɗa kuɗi an ƙera murfin ƙarfe a bakin kwata, mai buɗewa waje kawai. A gidana na sa an ɗaga soket sama da layin da ruwa ya bari, injina kuma yana kan dakalin da na gina masa. Takardar da muka rubuta muna neman a gyara inda jinga ta ɓalle da dutse maimakon ƙasa, har yau muna bibiya.

Kwanan baya wani mutum ya zo shagona yana neman in yi masa rufi da ƙofofi. Da ya kwatanta mini wurin, sai na gane fadamar da ke bayan unguwarmu ce, wadda aka fara cikewa da ƙasa ana yankawa, inda a waccan shekarar kwale-kwale ya riƙa wucewa ta saman gonaki. Baƙo ne a garin, da rani ya saya, kuma wanda ya sayar masa bai gaya masa komai ba. Na ajiye aikin da ke hannuna na kai shi gidan maƙwabcina da ya rushe, na kai shi wurin Baba, na gaya masa duk abin da na rubuta a nan. Ya yi shiru, sannan ya ce duk abin da ya tara a rayuwarsa yana cikin filin nan, ba shi da wani. Mun tsaya a kan zai ɗaga harsashin ginin sama da inda ruwa ya kai, zai yi shi da bulon siminti tun daga ƙasa, ni kuma zan yi masa ƙofofi da katakon gaske. Na sa sunansa a littafin kwamiti, na ba shi lambar Baba. A layin da ya sayi filin akwai wasu fuloti da aka riga aka kafa wa turaku, kuma muna neman masu su kafin su fara gini.